George Smith: Manomin da ya tsaya wa 'yan fasa-ƙwauri a Scotland

An haifi George Smith ne a shekarar 1792 a kwarin Glenlivet, wani yanki mai tsaunuka da ke arewa maso gabashin Scotland, inda ya taso yana noma kamar iyayensa.

A wancan zamani dai harajin da gwamnatin Birtaniya ta ɗora wa giyar wiski ya yi tsanani, abin da ya sa manoman yankin ke dafa ta a ɓoye cikin duwatsu, su kuma yi fasa-ƙwaurinta a kan dawakai zuwa birane. Shi ma Smith da haka ya fara.

Giyar kwarin ta yi suna ƙwarai, har Sarki George na Huɗu ya nemi a kawo masa ita lokacin da ya ziyarci Edinburgh a 1822, duk kuwa da cewa doka ba ta amince da ita ba.

Sabuwar doka

A 1823 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da wata doka da ta rage harajin, ta kuma ba da damar yankar lasisi a kan fam 10.

Smith ne ya fara karɓar lasisin a kwarin, a 1824, tare da goyon bayan mai gonarsa, Duke na Gordon.

Wannan mataki ya harzuƙa maƙwabtansa, domin suna ganin shigowar halattacciyar matata za ta jawo jami'an haraji cikin kwarin, ta kuma toshe musu hanyar abinci. Sun yi barazanar ƙona matatar da shi a ciki.

Hakan ya sa wani mai filaye a Aberlour ya ba shi ƙananan bindigogi biyu, waɗanda ya shafe shekaru yana yawo da su a ƙugunsa.

Sannu a hankali sana'ar ɓoye ta mutu, tasa kuma ta bunƙasa. A ƙarshen shekarun 1850 ya gina babbar matata a Minmore, inda take har yanzu.

Abin da ya bari

Irin wiskin da ya shahara da shi, shi ne wanda ake yi da tsiron sha'ir zalla a matata guda, ba a gauraya shi da na wani wuri ba. Akan tace shi a tukwanen jan ƙarfe, kuma dokar yanzu ta wajabta ya yi aƙalla shekara 3 cikin gangunan katako a Scotland.

Masu sana'ar ɗanɗana shi kan ce na yankin kogin Spey, inda Glenlivet yake, na da ƙamshin 'ya'yan itace da furanni, saɓanin na tsibirin Islay mai warin hayaƙi.

Smith ya rasu a 1871, ɗansa John Gordon Smith ya gaje shi.

Ganin yadda wasu matatu suka riƙa laƙaba wa kayansu sunan Glenlivet, sai ɗan ya kai ƙara. A 1884 aka daidaita a kan cewa giyar gidan Smith kaɗai za a kira The Glenlivet, sauran kuma sai dai su haɗa kalmar da nasu sunan.

Kamfanin Pernod Ricard na Faransa ne ke da matatar tun 2001.