Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata: Ɗan Bebeji Da Ya Fara Da Ƙwaryar Goro

Da yawa daga cikin ’ya’yanmu da aka haifa a Kano, Kaduna ko Legas sun san sunan Ɗantata, amma kaɗan ne suka san cewa a Bebeji aka yanke cibiyar mai sunan. Ganin yadda matasanmu lauyoyi da sauran masu ilmi ke buɗe ƙananan ofisoshinsu a birane, wasu su rufe kafin shekara biyu, muka ga ya dace mu waiwayi yadda wannan bawan Allah ya gina nasa gidan kasuwanci.

An haifi Alhassan a Bebeji a shekarar 1877, a zuriyar Agalawa, fatake masu safarar goro daga Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya kuwa rasu Alhassan bai kai shekara goma ba. Mahaifiyarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ’yar kasuwa ce. Da ta tashi tafiya Ankara, sai ta bar ’ya’yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda ta raine su. Sunan wannan tsohuwa ne ya bi shi, ya kuma bi zuriyarsa har yau, abin da ya kamata masu raina riƙon maraya su yi tunani a kai.

Bai tashi cikin daula ba. Ya yi almajiranci, sannan Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 ya rutsa da shi. Agalawa sun goyi bayan Sarki Tukur, da ɓangaren Yusufawa ya yi galaba sai aka kama Alhassan da ’yan’uwansa, sai da aka fanshe su. Daga nan ya kama hanyar iyayensa ta fatauci.

A nan ne basirarsa ta fito. Sauran fatake suna shafe watanni a ƙasa da jakuna, ga ’yan fashi, ga kuɗin fito, ga goro yana lalacewa a hanya. Shi kuwa sai ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa daga Sakwandi da Ankara zuwa Legas, abin da ya rage masa kwanaki da asara. Ribar da ya samu ba ta tafi wajen ado ba, uwar kuɗi ya riƙa mayar da ita.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, sai suka tarar da Alhassan yana da abin da ba su da shi: jari a hannu, da yara amintattu a ƙauyuka waɗanda manoma suka sani. Yakan ba su kuɗi tun kafin kaka su sayo masa, su kawo lissafi. Da haka ya zama babban mai sayen gyaɗa na kamfanin Neja, daga baya na UAC. A 1929, da bankin BBWA ya buɗe reshe a Kano, raƙuma ashirin ne suka kai masa tsabar azurfarsa ajiya. Kafin rasuwarsa ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara ’ya’yansa ya yi musu wasiyyar kada su bari kamfanin ya wargaje. Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari cikin birnin Kano. Ahmadu, Sanusi da Aminu suka ci gaba da riƙon kamfanin Alhassan Dantata and Sons. Alhaji Aminu ya rasu a 2025, aka yi masa sutura a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa.

Allah ya jiƙansu da rahama, amin.