Dakta William Baikie (1825–1864): Likitan da Ya Buɗe wa Ingila Kogin Kwara

An haifi William Balfour Baikie a shekarar 1825 a garin Kirkwall, a tsibiran Orkney na arewacin Sukotland. Ya karanci likitanci a Edinbara, sannan ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya a 1848. A wancan zamani, zazzaɓin cizon sauro shi ne ganuwar da ta tsare cikin Afirka ta Yamma daga Turawa. Ayarin jiragen ruwa masu aiki da tururi da ya hau Kwara a 1841 ya yi asarar Turawa fiye da 40, akasarinsu saboda zazzaɓi.

A 1854 attajiri Macgregor Laird ya tanadi jirgin Pleiad domin binciken Kwara da Binuwai, da kuma neman labarin Heinrich Barth. Jagoran tafiyar, John Beecroft, ya rasu a tsibirin Fernando Po tun kafin a tashi, ragama ta koma hannun Baikie. Masana harhaɗa magani na Faransa sun riga sun tace kwinin daga ɓawon itacen sinkona tun 1820, amma galibi sai ciwo ya kama mutum ake ba shi. Shi kuwa Baikie ya wajabta wa mutanensa shan sa kullum a matsayin rigakafi. Jirgin ya yi kwana 118 a cikin kogi, ya wuce iyakar da Turawa suka taɓa kaiwa a Binuwai da kimanin mil 250, ya komo ba a rasa ko da rai ɗaya ba.

Tafiyarsa ta biyu a 1857 ta gamu da cikas, domin jirgin Dayspring ya fashe a kan duwatsu kusa da Jebba. Bai koma gida ba. Da yardar Sarkin Nupe Masaba ya zauna a Lakwaja, mahaɗar kogunan biyu, inda ya kafa kasuwa, yana likitanci yana kuma sasanta rigingimu. A nan ya duƙufa ga koyon Hausa, ganin ita ce harshen fatake. Ya wallafa ɗan littafi a kan Hausa da Fulatanci a 1861, ya fassara sassan Baibul, ciki har da Zabura, wadda aka buga bayan mutuwarsa. A 1862 ya taka har Zariya da Kano. Ya rasu a Saliyo a watan Disambar 1864, a hanyarsa ta zuwa gida, yana da shekara 39.

Baikie bai ci ko da gari ɗaya da yaƙi ba, amma abin da ya tabbatar ya fi ƙarfin bataliya: Bature na iya shiga da jirgi, ya zauna, ya rayu. Bayansa 'yan kasuwa suka kwararo, kamfaninsu ya samu izinin mulki a 1886. A Lakwaja ɗin nan Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, kafin bindiga mai ruwa ta ƙarasa aikin a Kano da Sakkwato a 1903.

Saboda haka, manazarcin Hausa da ke lissafa Baikie cikin magabatan wannan fage, tare da Schön da Barth, ya kamata ya tuna cewa jirgin da ya ɗauko mai tattara kalmomi, shi ne ya share wa mai ɗauke da tuta hanya.