Sulaimanu Barau: Sarkin da Ƙasarsa Ta Ba Babban Birnin Tarayya Suna

Tun kafin Abuja ta zama mazaunin gwamnatin tarayya, sunan na wata masarauta ce ta karkara mai En'e tata, wadda galibin talakawanta manoma ne, Gwari da Koro da Gade. A zamanin sarkinta na shida, Alhaji Sulaimanu Barau, sunan ya tashi daga tsohon gari ya koma sabon birni.

Asalin gidan sarautar daga Zariya yake. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci birnin a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa zuwa Zuba. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa gari a 1828, aka kira shi da sunansa. Wannan ne dalilin da ya sa har yau ake kiran mai riƙe da sarautar Sarkin Zazzau.

An haifi Sulaimanu Barau a 1903, ɗan Sarki Muhammadu Gani ne. Ya yi karatu a Bida, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Daga 1927 ya koyar a Keffi da Bida, a 1931 kuma aka naɗa shi Hakimin Diko. Daga bisani ya dawo hedkwatar En'e yana taimaka wa Sarki Musa Angulu, wanda tsufa ya fara cim masa. Da Musa ya rasu a 1944, sai aka ba shi sarauta, ya zama cikin sarakunan Arewa na farko da suka yi ilimin boko.

Ana tunawa da shi a kan hana tsohuwar al'adar da talaka ke zuba ƙasa a ka idan ya zo gaisuwa gaban sarki. Ya kuma daraja sana'ar mutanen ƙauye, domin yana tara tukwanen da matan Gwari ke ginawa. A fadarsa ne Baturen Ingila Michael Cardew ya ga aikin Ladi Kwali. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, kuma hotonta ne yau a bayan takardar Naira 20.

Babbar jarrabawar mulkinsa ta zo ne a ƙarshen rayuwarsa. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. An yanko yankin, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, daga jihohin Neja da Filato da Kwara, kuma masarautar Abuja ce ta rasa kaso mafi tsoka. Ƙauyukan da suka daɗe suna biyan haraji ga En'e suka fita daga hannunta, sunan ma ya bi su. Tsohon garin ya zauna a Jihar Neja, aka raɗa masa Suleja, daga sunan Sule da kuma Ja na wanda ya kafa shi.

Sarkin ya rasu a 1979, bayan shekara 35 a kan gadon mulki. Bai ga ranar 12 ga Disamba, 1991 ba, lokacin da gwamnati ta baro Legas ta tare a birnin da ya gaji sunan garinsa.