Tarihin John McKay, kocin da ya tari shan kashi da barkwanci

Kaɗan ne daga cikin masu horar da 'yan wasa a Amurka suka ɗanɗani zaƙin nasara da ɗacin shan kashi kamar John McKay.

Sau huɗu yana lashe kambin ƙasa na jami'o'i, sannan daga baya ya jagoranci ƙungiyar da aka doke sau 26 a jere. Amma abin da aka fi tunawa da shi a yau shi ne kaifin harshensa.

Wasan da ya koyar shi ne ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, ana rungumar ƙwallon a ruga da ita ko a jefa ta, abokan hamayya kuma su yi ƙoƙarin kayar da mai ɗauke da ita.

Ƙuruciyarsa

An haifi John McKay ne a ranar 5 ga watan Yulin 1923 a Everettville, wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal a jihar West Virginia.

Yana da shekaru 13 mahaifinsa ya mutu, kuma bayan ya kammala sakandare shi ma ya yi aiki a mahaƙar kwal.

A lokacin yaƙin duniya na biyu ya shiga rundunar sojin sama, inda ya riƙe bindigar da ke wutsiyar jirgin yaƙi samfurin B-29 a yankin tekun Fasifik.

Bayan yaƙin ya buga wa jami'ar Purdue wasa, sannan ya koma jami'ar Oregon, inda daga bisani ya zama mataimakin koci.

Shekarun ɗaukaka

A shekarar 1960 ne aka naɗa shi babban kocin jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke birnin Los Angeles.

Shekaru biyun farko ba su yi masa daɗi ba, sai dai a 1962 ƙungiyarsa ta lashe dukkan wasanninta 11, ta kuma ɗauki kambin ƙasa. Ya sake ɗauka a 1967 da 1972 da kuma 1974.

Tun a wancan lokaci 'yan jarida suka fara tururuwa zuwa wurinsa domin jin abin da zai faɗa.

An taɓa tambayarsa dalilin da ya sa yake yawan ɗora wa ɗan wasansa O. J. Simpson ɗaukar ƙwallo, sai ya amsa cewa ƙwallon ba ta da nauyi, kuma yaron ba ya cikin ƙungiyar ƙwadago.

A 1966 jami'ar Notre Dame ta lallasa su da ci 51 da nema a gidansu. McKay ya rarrashi yaransa da cewa akwai ɗaruruwan miliyoyin mutane a ƙasar Sin da ba su ma san an yi wasan ba.

Sai dai kuma bai manta ba. A 1974 Notre Dame na gaba da ci 24 da nema, amma aka tashi wasan ƙungiyarsa na da 55, su kuwa suna nan a 24.

Wani wasan da ya shiga tarihi shi ne na watan Satumbar 1970, lokacin da ya kai ƙungiyarsa mai baƙaƙen fata da dama birnin Birmingham, suka doke jami'ar Alabama, wadda 'yan wasanta duk farare ne, da ci 42 da 21. A shekarar da ta biyo baya ne baƙaƙen fata suka fara buga wa Alabama wasa.

Shan kashi a Tampa

A ƙarshen kakar 1975 McKay ya bar jami'a ya karɓi ragamar Tampa Bay Buccaneers, sabuwar ƙungiya a jihar Fulorida da aka shigar gasar ƙwararru ta NFL.

Yawancin 'yan wasan da aka ba shi waɗanda sauran ƙungiyoyi suka saki ne. An doke su a dukkan wasanni 14 na shekarar farko, da kuma 12 na farkon shekara ta biyu.

A nan ne barkwancinsa ya ƙara kaifi. Bayan wani wasa ya shaida wa manema labarai cewa yaransa sun kasa kayar da abokan hamayya, amma sun rama wannan gazawa ta hanyar kasa tare su.

Wata rana kuma ya shiga ɗakin sauya kaya ya ce wanda ya san ya yi gumin da zai buƙaci wanka, to ya je ya yi.

Maganar da aka fi jingina masa ita ce amsar da ya bayar kan yadda yake ganin zartarwar 'yan wasansa a fili. Kalmar a Turance tana kuma nufin zartar da hukuncin kisa, shi kuwa sai ya ce yana goyon bayan a zartar.

Masu kallon dambe da kokawa a Argungu ko Birnin Kebbi sun saba jin irin wannan zambo daga bakin makaɗa. Bambancin shi ne makaɗi abokin karawar gwaninsa yake yi wa zambo, shi kuwa McKay nasa yaran yake yi wa.

Wannan ya sa 'yan jarida suka riƙa samun abin bugawa, hankali kuma ya karkata kan kocin maimakon sakamakon wasa. Amma wasu 'yan wasan sun ji zafin zama abin dariya a bakin mai gidansu, yayin da magoya baya suka riƙa rera kiran a jefa shi cikin teku.

Sai a ranar 11 ga watan Disambar 1977 ƙungiyar ta yi nasarar farko, inda ta doke New Orleans Saints da ci 33 da 14.

Farfaɗowa

Duk da suka da matsin lamba, McKay bai sauya tsarinsa na gina ƙungiya da matasa ba.

Ɗan wasan farko da ya zaɓa, Lee Roy Selmon, ya zama ginshiƙin masu tsaron baya. A 1978 kuma ya ɗauko Doug Williams, baƙar fata, ya damƙa masa matsayin mai rarraba ƙwallo, a zamanin da ba kasafai ake bai wa baƙaƙen fata wannan matsayi ba.

A kakar 1979 ƙungiyar da ake yi wa dariya ta kai matakin da ya rage wasa ɗaya ta shiga wasan ƙarshe na Super Bowl, kafin Los Angeles Rams ta fitar da ita da ci 9 da nema.

Bayan tafiyar Williams saboda taƙaddamar albashi, ƙungiyar ta sake durƙushewa, kuma McKay ya ajiye aikin a ƙarshen kakar 1984. Wasanni 44 ya ci a Tampa, aka doke shi a 88, aka yi kunnen doki a ɗaya. A jami'a kuwa ya ci 127, aka doke shi a 40 kacal.

John McKay ya mutu a birnin Tampa a ranar 10 ga watan Yunin 2001, yana da shekaru 77 da haihuwa, bayan fama da ciwon sukari.

A watan Janairun 2003 ƙungiyar Buccaneers ta lashe kofin Super Bowl a karon farko, kuma ɗansa Rich McKay ne babban manajanta a lokacin.