Tarihin Robert Moog, Mai Fiyanon Lantarki

An haifi Robert Moog a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 23 ga Mayu, 1934. Mahaifinsa injiniya ne, a wurinsa ya koyi haɗa wayoyi. Yana ɗan shekara 14, kusan sa'anmu, ya haɗa wani abin kiɗa mai suna theremin, wanda ake kaɗawa ba tare da an taɓa shi ba.

A 1964 ya ƙera na'urar da ke mai da wutar lantarki sauti, wato kakar fiyanon da mawaƙan Hausa ke amfani da shi yau. Sai dai tana da matsala. Da cikinta ya ɗauki zafi sai muryarta ta kauce. Dole mai gyara ya zauna yana murza 'yan ƙananan kusoshi, yana kasa kunne, har ta dawo daidai. Da a Katsina ne a watan Afrilu, ai da ya sha wuya!

Kasuwanci bai karɓi Moog ba. A 1971 ya sayar da kamfaninsa, daga baya har ikon sa sunansa a kan kayansa ya kuɓuce masa. Sai a 2002 ya ƙwato shi. Ya mutu ranar 21 ga Agusta, 2005, sakamakon ƙari a ƙwaƙwalwa.