Fada Armand David (1826–1900): Ɗan Mishan da Ya Ƙidaya Halittun Allah a Ƙasar Sin

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani firist wanda ba a cika jin sunansa a majami'unmu ba, ko da yake masana dabbobi da tsirrai a duniya duka sun san shi. Akwai wata dabba mai rai a yau wadda da wuya ta kai zamaninmu in ba don aikinsa ba.

An haifi Armand David ranar 7 ga Satumba, 1826, a Espelette, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Faransa, kusa da duwatsun da suka raba ƙasar da Sifen. Mahaifinsa likita ne mai sha'awar halittu, shi ne kuwa ya koya wa yaron lura da tsuntsaye da ƙwari da ciyayi. Tun yana ƙarami ya saba da doguwar tafiya a ƙafa cikin duwatsu, abin da ya amfane shi ƙwarai daga baya. A shekarar 1848 ya shiga ƙungiyar firistocin mishan wadda Waliyyi Vincent de Paul ya kafa. Shugabanninsa suka aika shi Savona, a ƙasar Italiya, inda ya yi wajen shekara goma yana koyar da kimiyya, amma zuciyarsa tana kan aikin bishara a ƙasashe masu nisa.

A shekarar 1862 muradinsa ya cika, aka tura shi Beijing, babban birnin ƙasar Sin. Kafin ya tashi, masanan babban gidan adana kayan halitta na birnin Paris suka roƙe shi ya riƙa aiko musu da samfurin abin da ya gani. Da akwatunansa suka fara isa, sai suka ga cewa mutumin ba ɗan koyo ba ne. Suka nemi a ba shi dama ya yi wannan aiki sosai, shugabannin ƙungiyarsa kuwa suka yarda.

A kudancin Beijing akwai wani makeken gandun farauta na sarkin Sin, an kewaye shi da katanga mai tsawon kilomita da yawa, sojoji suna gadi, an kuma hana kowa shiga. A shekarar 1865 Fada David ya samu ya leƙa ta bisa katangar, ya hangi garken wata dabba da bai taɓa gani a littafi ba. Dangin barewa ce, amma babba, mai ƙahoni masu rassa, da doguwar wutsiya, da faffaɗan kofato irin na mai zama cikin fadama. Sinawa suna kiranta milu, suna kuma yi mata laƙabi da mai kama da dabbobi huɗu ba ta zama ko ɗayansu ba. A farkon 1866 ya sami fatu da ƙasusuwa daga hannun masu gadi, ya aika Paris, inda masani Alphonse Milne-Edwards ya tabbatar sabon iri ce, ya sa mata sunan Fada David. Bayan wannan, jakadun ƙasashen Turai suka nemi a ba su 'yan kaɗan da ransu, aka kai su gidajen namun daji na Turai.

Sau uku ya yi manyan tafiye-tafiye. Ta farko, a 1866, zuwa Mongoliya ta Ciki. Ta biyu, daga 1868 zuwa 1870, ta kai shi duwatsun yammacin lardin Sichuan, inda ya sauka a wani gidan mishan a yankin Moupin, wanda yanzu ake kira Baoxing. Ta uku, daga 1872 zuwa 1874, cikin tsakiyar ƙasar da kudu maso gabashinta. Yawanci a ƙafa yake tafiya, ko bisa alfadari, ko cikin kwale-kwale, yana fama da sanyi da yunwa da zazzaɓi da tsoron 'yan fashi. Duk inda ya iske 'yan tsirarun Kirista yakan zauna da su, ya yi musu hidimar firist, sa'an nan ya koma daji da littafinsa.

A Moupin ne, ranar 11 ga Maris, 1869, ya ga fatar wata dabba mai fari da baƙi a gidan wani mai gona. Cikin 'yan makonni mafarauta suka kawo masa gawarta. Wannan ita ce panda, wadda mutanen duwatsun suka daɗe da sani, amma masanan Turai ba su taɓa jin labarinta ba sai ta bakinsa. A can kuma ya sami wani biri mai gashi kamar zinariya, da wani itace mai fararen furanni da ke lilo kamar fikafikan kurciya. A lissafin da ya bayar da kansa a taron masana Katolika a Paris a 1888, ya ga irin namun daji wajen 200 a ƙasar Sin, 63 daga cikinsu ba a san su ba a dā, da irin tsuntsaye 807, waɗanda 65 sababbi ne ga masana. Bisa al'adar zamaninsa, harbe dabba ake yi a ɗauki fatarta domin nazari, shi ma haka ya yi. Duk da haka, yana cikin mutanen farko da suka nuna baƙin ciki a rubuce game da yadda ake sare dazuzzukan ƙasar Sin, ya kuma gane cewa idan daji ya tafi, tsuntsaye da dabbobi da tsirran da ke rayuwa a cikinsa za su bi shi.

Ciwo ya tilasta masa komawa Faransa a 1874. Ya zauna a gidan ƙungiyarsa a Paris, yana koyar da matasan da za su tafi mishan. A 1877 ya fitar da babban littafi a kan tsuntsayen ƙasar Sin tare da Émile Oustalet. Ya rasu ranar 10 ga Nuwamba, 1900.

To, bari mu koma ga milu, gama a labarinta ne za mu ga nauyin aikinsa. A zamanin dā tana yawo da yawa cikin fadamun ƙasar Sin. Farauta da mai da fadamu gonakin shinkafa suka rage ta a hankali, har ya zamana garken da ke cikin gandun sarki shi ne kusan abin da ya saura. Masana sun koya mana cewa duk irin halittar da ta ragu, ta kuma taru a wuri guda, masifa ɗaya ta isa ta shafe ta. Haka kuwa aka yi. Wajen shekarar 1895 ambaliya ta rushe katangar, dabbobi da yawa suka fita, talakawan da yunwa ta kama suka cinye su. A 1900, lokacin tarzomar da ake kira ta 'yan Boxer, sojojin ƙasashen waje suka mamaye gandun, aka kashe sauran. A shekarar da Fada David ya rasu, a ita ce garken da ya leƙa ta bisa katanga ya ƙare.

Abin da ya rage su ne waɗanda aka kai Turai saboda labarin da ya bayar. Amma suna warwatse, biyu a nan, uku a can, cikin ƙananan shinge, ba sa haihuwa yadda ya kamata, domin dabba ce ta garke da ta saba da fili da ruwa. Wani basarake na Ingila, Herbrand Russell, mai sarautar Bedford, ya lura da haɗarin. Ya tattara guda 18 a gandunsa na Woburn, mai ciyawa da tafkuna. Da suka sami 'yan'uwa da abinci da sarari, sai suka fara yawaita. Duk milu da ke duniya a yau zuriyar wannan ɗan garke ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, magajinsa ya ga cewa cuta ɗaya tana iya hallaka su duka a Woburn, kamar yadda ruwa da yaƙi suka yi a Beijing, sai ya fara rarraba su ga waɗansu wurare.

A 1985 aka mai da wajen guda ashirin tsohon gandun nan na Beijing, a 1986 kuma aka kai 39 fadamun Dafeng a bakin teku, a lardin Jiangsu. Yanzu yawansu a ƙasar Sin ya haura 10,000, waɗansu ma suna rayuwa a sake cikin fadamu. Sai dai tun da dukansu daga kakanni kaɗan suka fito, jininsu kusan ɗaya ne, masana kuwa suna sa ido, domin zuriya irin wannan ba ta da ƙarfin jure sabuwar cuta kamar wadda ta fito daga gidaje da yawa.

Panda ma tana koya mana abu makamancin wannan. Kusan gora kaɗai take ci. Gorar duwatsun tana yin fure sau ɗaya bayan shekaru da yawa, sa'an nan ta bushe gaba ɗaya. A dā dabbar takan ƙaura zuwa wani dutse, amma inda gonaki da hanyoyi suka yanyanka dajin, sai yunwa ta same ta. Da aka keɓe mata dazuzzuka, ƙidayar da aka kammala a 2014 ta sami guda 1,864 a daji.

'Yan'uwa, Littafin Farawa ya nuna mana Adamu yana raɗa wa dabbobi suna, ya kuma nuna mana Nuhu yana shigar da kowane iri cikin jirgi. Fada David ya yi aikin farko, waɗansu suka yi na biyu, na biyun kuwa ba ya yiwuwa sai da na farkon, gama abin da ba a sani ba, ba a jin ɓatansa. A 2015 Paparoma Francis, cikin wasiƙarsa Laudato Si', ya tuna wa Ikkilisiya cewa kowace halitta tana da daraja a gaban Mahaliccinta, ba don amfanin da muke samu daga gare ta kaɗai ba.

Saboda haka muna roƙon iyaye da katekis da malaman makarantunmu su koya wa yara sunayen itatuwa da tsuntsayen da ke kewaye da su, su tambayi tsofaffi waɗanne ne aka daina gani. Kafin mu cinna wa daji wuta, ko mu sare itacen da ya saura shi kaɗai a gona, mu tuna da waɗannan dabbobi goma sha takwas. Allah ya ba bawansa Armand David hutawa ta har abada, ya kuma sa mu zama amintattun masu riƙon abin da ya danƙa a hannunmu. Amin.