Malam Muhammadu Al-Katsinawi, Gwanin Hatimi

A wannan mako na kawo muku tarihin Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Fulani Al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari.

Mutumin ƙasar Katsina ne. Bayan ya yi karatu wajen malaman ƙasarmu sai ya tafi aikin Hajji, daga nan ya zauna a birnin Alƙahira ta Misira. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi. Ya rasu a 1741 a gidan mai masaukinsa, Shehu Hasan Al-Jabarti, wato shekara 96 kafin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ke kwance a nan Wurno.

Da ni ma na ɗauka hatimi aikin masu allo ne kawai, ashe lissafi ne sosai. A mai gida 9, ana jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi zai ba da 15, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Malam ya bayyana dabarun cika hatimin da gidajen gefensa mara ne, kamar 3 ko 5 ko 7.

Ga irin wannan dabara da malamin lissafinmu ya nuna mana. Ka sa 1 a tsakiyar layin sama. Ka hau sama ta dama ka sa lamba ta gaba. In ka fita waje, ka shigo ta ɗaya gefen. In gidan da mai shi, ka sauko ƙasan lambar da ka rubuta yanzu. Haka za ka yi ta yi har gidaje su ƙare. Masu shirya manhajar kwamfuta suna amfani da irin wannan maimaita taki ɗaya kullum.

Amma tana da iyaka. Na gwada ta a mai gefe 6, na ɓata takarda uku, ta ƙi. Shi sai an raba shi huɗu, kowane kashi ya zama ƙaramin hatimi mai gefe 3, a cika su, sannan a musanya wasu lambobi, kowane layi ya ba da 111. Wannan ya yi kama da hanya ta biyu a kwamfuta, inda aiki ke kiran kansa a kan ƙaramin kashinsa. Ita ma ba ko'ina take ci ba. Ba a raba mai gefe 4 haka, don babu hatimi mai gefe 2. A kwamfuta kuwa, in kiran ya yi yawa, ma'ajiya ta cika, shirin ya tsaya cak.

Wanda ya cika mai gefe 5, layinsa 65 ne. Ya kawo wa ƙungiyarmu kafin Alhamis mu liƙa.